Garwashin Kaka a Ƙarƙashin Gireda

Safiyar jajiberin Kirsimeti ce, shekarar da nake aji huɗu a firamare, can farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zariya ana zuwa gindin lema a yi kira. An tashi da wani irin ɗari wanda ko karen gidanmu bai yarda ya fito daga cikin toka ba. Ina tsaye a ƙofar gida a Palladan, na cusa hannuwa a hammata, haƙorana suna kaf-kaf, ina kallon mahaifina can sama a kan kujerar gireda. Ya murɗa makulli. Injin ya yi wani nishi, gur, gur, sai ya yi shiru. Ya sake murɗawa, nishin ya fi na farko rauni. Baba ya cire hular sanyinsa, ya sosa kai, ya mayar da ita. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san abin da shirun nan yake nufi. Kafin rana ta yi tsaka za a zo da tirela a ɗauke giredar zuwa wata jiha. Idan kuwa ba ta tashi ta gyara layinmu kafin nan ba, to Kaka ba za ta je coci gobe ba, ga shi ta daɗe tana jiran goben nan.

Bari in ɗan koma baya, don na ga na faro zancen daga tsakiya. Halina ne, 'ya'yana har gobe suna yi mini tsiya a kai. Sunan mahaifina Yohanna, amma daga Palladan har Samaru ba wanda ya san shi da wannan suna, sai dai Baba Mai Gireda. Yana yi wa wani ɗan kwangila aiki, wanda garejinsa ke Sabon Gari, a shekarun kuma sun sami aikin gyaran hanyoyin ƙasa na bayan Samaru. Da yake babu mai gadi a wurin aikin, garejin kuma ya yi nisa, sai aka yarda Baba ya riƙa kwana da injin a gida. Haka muka wayi gari da wannan ƙatuwar aba a filin ƙofar gidanmu, gindin mangwaro. Ruwan ɗorawa ce da fentinta ya koɗe, ga dogon wuya, ga tayoyin da suka fi ni tsawo, ga wata doguwar wuƙa a ƙarƙashin cikinta wadda da ita take aske ƙasa. Ta tsufa ƙwarai, an ce ta girmi yayana Bulus nesa ba kusa ba. Baba yana kiran ta Uwar Ɗaki. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ita ke ci da mu, ta yaya zan kira ta gatsal?"

Da bazara da damina Uwar Ɗaki ba ta da matsala, ana taɓa makulli take amsawa. Amma da zarar an gama girbin dawa an jingine kara a bayan gida, leɓuna sun fara tsagewa, kaushi ya fara yanka diddige, to fa mulkinta ya tashi. Baba ya sha yi mana bayani cewa sanyi yana sa baƙin man da ke cikinta ya yi kauri kamar man shanu, ƙarfin batir ya ragu, ƙarfen injin kansa ya yi sanyi ƙalau har man gas ya ƙi kamawa. Don haka hidimarta tun da yamma ake farawa. In ya dawo aiki ta huce, sai ya kwance wani ɗan famfo ya tsiyaye ruwan lagireto, shi da Bulus su ciro batura biyu masu nauyin tsiya, su shigo da su ɗaki su ɗora a kan katako, a rufa musu tsohon zane. Mama takan ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin gidan da batir ke kwana a ɗaki, akuya a waje ba, sai namu.

Da asuba kuma sai aikina ya zo. Mama tana suyar ƙosai da dama koko a ƙofar gida, ita ce farkon hura wuta a layin, kuma garwashin farko da icenta ya ajiye na Uwar Ɗaki ne. Ni ke kwasowa da guntun kwano in zuba a kasko, in yayyafa toka sama-sama, in kai wa Baba. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya tura kaskon ƙarƙashin injin, daidai inda baƙin mai ke kwanciya, ya bar tazara tsakani. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: ko harshen wuta ɗaya ba ya so a ƙarƙashinta, garwashi zalla, shi ma ba ya matsawa daga wurin sai an janye. Ruwan zafin farko ma nata ne. Sai an cika mata lagireto tukuna, mu 'ya'yan gida mu samu abin da ta rage mu wanke fuska da ƙafa. Wani lokaci abin da ya rage ko cikin moɗa bai kai ba, ni da Bulus mu yi ta dambe a kai, Mama tana daka mana tsawa daga bakin kaskon suya.

Abin da na fi so shi ne abin da Baba ke yi kafin ya hau. Da yake injin kan kwana da ɗan sauran ɗuminsa, dabbobin unguwa sun mai da shi masauki. Sai Baba ya ɗauki babban sifana ya zagaya ta yana ƙwanƙwasawa, yana cewa da ƙarfi, "Masu haya, gari ya waye!" Kai, ka zo ka ga ikon Allah! Kyanwa ta yi tsalle daga kusa da fanka, kazar maƙwabta ta fito tana ƙorafi, 'yan awaki su miƙe daga tsakanin tayoyi suna miƙa. Wata rana har bushiya muka gani ta dunƙule a gindin taya, Baba ya sa shebur ya ɗauke ta ya kai cikin kara. Ko ya makara ba ya fasa wannan zagaye. Yakan ce wanda ya kwana a gidanka ba a tashinsa da fanka.

In ta tashi kuwa, duk Palladan sai ta sani. Ta fara da tari, ta feso farin hayaƙi, ta girgiza har mangwaro ya zubar da busasshen ganye, sannan muryarta ta daidaita. Nan fa Baba zai harɗe hannu ya zauna. Ba ya taɓa totur, ba ya sa giya, sai allurar zafi ta ɗaga. Daga nan ya ɗaga wuƙa a hankali ya sauke, ya karkata ta dama da hagu, ya juya sitiyari, wai tana miƙa. Wannan zaman jiran shi ne rabonmu. Yaran layi duk su fito da kayan makaranta su jeru a gefen injin inda iska mai ɗumi ke fitowa, kowa ya miƙa tafin hannu, wasu su juya baya. Mukan ɗora ƙananan dankalin da muka yi kala a gonakin bayan gari a kusa da salansa, ba ya nuna sosai, amma da ɗuminsa muke ci muna santi. Malam Sani mai shayi da ya ga inda jama'a ke taruwa, sai ya ɗauko teburinsa daga bakin titi ya dawo gindin mangwaro. Dattawa su zauna a benci da kofunansu suna ɗaga murya don su ji juna. A makaranta kuwa ana gane 'yan layinmu tun daga layin asambuli, don warin gas muke yi. 'Yan ajinmu suna ce mini 'yar gireda, ni kuwa ko a jikina, tunda hannuna na iya riƙe biro, nasu kuwa ya ƙage.

Ran Lahadi da yamma, in tana hutawa, ta zama filin wasanmu. A bayan tayoyinta muke ɓuya, a inuwarta muke zana 'yar gala-gala, maza su yi langa su mai da wuƙarta wurin sha. Kujerar direba kaɗai ce ba a hawa.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta shiri da Uwar Ɗaki, ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. A ɗakinta nake kwana, ni ke yi mata 'yan aike-aike, ni ke shafa mata man kaɗanya a gwiwa, don ciwon gwiwa ya sa ta gaba, daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai da sanda. Tana da kaskonta na jin ɗumi wanda ba a zuba masa kowane gawayi sai na ƙirya, mai kwana da wuta, tana kuma da wani bargo mai kauri, ja da baƙi, da marigayi Kakanmu ya bar mata. Waɗannan biyun ko Baba bai isa ya taɓa ba. Ita ba ta taɓa cewa Uwar Ɗaki, sai dai "ƙarfen ubanki". In ta ji injin ya tashi sai ta ja tsaki ta ce, "Ga shi nan, an fara. Ƙarfe ya sha ruwan zafi, mutane suna jira." Kaka akwai baki, amma akwai hannu. Shekara da shekaru ita ke kaɗa tulu a zumuntar mata ta cocinmu da ke Samaru, an ce in ta ɗora tafinta a bakin tulun nan, ko wadda ta zo da fushi sai ta taka rawa.

To, a daminar shekarar nan ruwa ya ci layinmu. Wani rami ya tsaga tsakiyarsa tun daga ƙofarmu har bakin titi, zaizaya ta fito da duwatsu, mota ba ta shiga, 'yan acaɓa ma a bakin titi suke sauke mutum. Gireda kaɗai ke wucewa, don ita sai ta ware ƙafafu ta bar ramin a tsakiya. Abin dariya, abin haushi: safe da yamma Baba yana bi ta kan ramin da wuƙarsa a ɗage. Ba irin tsiyar da ba a yi masa ba. Malam Sani yakan ce, "Baba Mai Gireda, ka gyara hanyar duniya ka bar ta ƙofar gidanka!" Baba ya yi murmushi ya ce wuƙar ba tasa ba ce, man ma ba nasa ba ne, ba zai sauke ta inda ba a aike shi ba. Wadda abin ya fi shafa ita ce Kaka. Tun tsakiyar damina ba ta ƙara taka ƙofar coci ba. Bulus ya ce zai goya ta zuwa titi, ta ce ita ba buhun masara ba ce da za a ratsa unguwa da ita a baya. Matan zumunta sukan zo su yi mata addu'a a ɗaki, ta yi ta ba'a da su har su tafi. Amma ni da ke kwana da ita na sha ganin ta buɗe akwati ta ciro zanen zumunta, ta shafa shi, ta mayar. Abin yana sosa mini rai ƙwarai, na rasa wanda zan gaya wa.

Ana saura kwanaki Kirsimeti aikin Samaru ya ƙare, aka ce Baba ya ajiye injin kada ya ƙona mai, za a zo a ɗauke ta. Ta yi kusan mako a tsaye ba a tashe ta ba. Baba ya yi ta sintiri zuwa gareji a Sabon Gari yana neman ganin mai gidansa, sai ana gobe za a ɗauke ta ya same shi. Ya dawo da yamma yana fara'a, da ledar kabeji da karas a hannu, tun daga zaure yake cewa an ba shi goron Kirsimeti: an yarda ya gyara layinmu da sauran man da ke tanki, muddin ya gama kafin tirela ta tashi. Muka yi ta tsalle. Kaka ta taɓe baki ta ce, "Oho, a dai gani a ƙasa." Amma muna shiga ɗaki ta ce in zuba garwashi a dutsen guga in goge mata zanen nan, wai don kada ya yi warin akwati.

Sai ga shi gari ya waye da wannan ɗari, Uwar Ɗaki ta ce ba ta san zancen ba. Kuskuren kuma namu ne duka, don ba wanda ya tuna cewa ran jajibere Mama ba ta suyar ƙosai. Icenta ya ƙare a suyar cincin da naman Kirsimeti, ba abin da ya rage sai kara, shi kuwa kara ka san halinsa, ya yi fuu ya zama toka, ba ya ajiye garwashi. Da karan aka ɗan ɗumama ruwa, Baba kuma don ɗoki ya gwada sa'arsa haka nan, abin da bai taɓa yi ba. Da samarin layi suka ga ta ƙi, sai wani ya kawo shawara a tura ta kamar yadda ake tura tasi. Kafin Baba ya buɗe baki sun jeru a bayanta, sun tuɓe rigunan sanyi, suna "Ɗaya, biyu, uku!" Jijiyoyin wuya suka tashi, silifa suka tsinke, wani ya zame ya zauna daɓas. Ko gezau ba ta yi ba. Duk da damuwar da ke ransa sai da Baba ya yi dariya, ya leƙo ya ce, "Samari, sannunku da aiki, amma wuƙarta a ƙasa take."

Ya sauko ya gaya wa jama'a gaskiya. Ƙarfin da ya rage a batir bai wuce na gwaji ɗaya ba, in aka ɓata shi an gama. Sai an ɗumama ta sosai tukuna. Ai kuwa kafin ka ce me, layi ya watse neman garwashi. Malam Sani ya juye na ƙarƙashin tukunyar shayinsa, ya ce masu shayi su yi haƙuri. Mata suka riƙa fitowa da shi a murfin kwano, a fasasshiyar tukunya, a shebur. Amma yawancinsa na icen banza ne, kafin a kai ya fara mutuwa, ga iska tana ratsa ƙarƙashin injin tana kwashe ɗumin. Baba yana kwance a kan buhu, yana taɓa ƙarfen da bayan hannu yana girgiza kai. Ana cikin haka muka ji hon daga bakin titi. Tirela ce ta iso tun kafin lokacinta. Direban, wani ƙaton mutum mai suna Oga Emeka, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, ya tako da ƙafa yana kallon agogo, yana cewa shi ma yana da iyali, so yake ya kai kaya ya juyo ya yi Kirsimeti a gida. Gaskiyarsa ce kuwa. Mama ba ta yi gardama da shi ba. Kujera ta ajiye masa, ta dire masa kwanon soyayyen nama da cincin, ta ce ai ba a tafiya da yunwa.

A lokacin ne na ji Kaka tana kira na daga ɗaki. Na same ta zaune a bakin gado, ta yaye bargon daga kafaɗarta ta ninke, daga ita sai 'yar rigar sanyi.

"Rahila, ƙarfen ubanki ya ƙi tashi ko?"

Na ce ya ƙi.

"Ɗauki kaskon nan ki kai masa. Ki haɗa da bargon, a tare mata iska."

Na ce, "Haba Kaka, gwiwarki fa? Sanyin nan zai kama ki."

Ta harare ni ta ce, "Ni na san yadda tsufa yake da safe, ke ba ki sani ba. Ba taurin kai take yi ba, gaɓoɓinta ne suka riƙe. Maza ɗauki, kafin in fasa."

Na naɗe hannu da tsumma na ɗauki kaskon, bargo a kafaɗa. Garwashin ƙiryar nan ja wur yake a ƙarƙashin toka, zafinsa har fuskata. Da Baba ya ga bargon sai ya tashi zaune, ya dube ni, ya dubi ƙofar gida. Bai ce a mayar ba, don ya san Kaka. Ya tura kaskon daidai wurin, ya rataya bargon a gefen injin ta inda iska ke shigowa, nesa da wutar, aka tare sauran gefen da buhuna da tabarmi. Sai jira. Wallahi ban taɓa ganin layinmu ya yi tsit irin na ranar ba, ba ka jin komai sai ƙarar cincin a bakin Oga Emeka. Can Baba ya sake taɓa ƙarfen, ya daɗe da hannunsa a wurin, sannan ya janye kasake duka, aka ƙara ruwan zafi. Ya ɗauki sifana. Wani ya ce, "Baba, yau ma sai an yi wannan?" Bai kula shi ba, ya zagaya yana ƙwanƙwasawa, "Masu haya, gari ya waye!" Sai ga kyanwar Malam Sani ta fito daga kusa da fanka tana hamma.

Ya hau, ya sunkuyar da kai ya yi 'yar addu'a, ya murɗa. Gur. Gur. Sai ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, farin hayaƙi ya turnuƙe mangwaro, ta kama! Wayyo daɗi! Mata suka rangaɗa guɗa, samari suna ihu, Malam Sani yana ta "Alhamdu lillahi", Mama ta ɗaga hannu sama da ludayi a ciki. Kowa ya matsa gefe yana jiran a fara aiki. Baba kuwa ya harɗe hannu ya zauna. Jama'a suka yi caa, a taka mata totur mana, lokaci na tafiya! Oga Emeka ya miƙe yana nuna agogo, "Baba Yohanna, don Allah, hanya da nisa fa!" Baba ya ce, "Oga, in na matsa mata yanzu da sanyi a jikinta, gawa za ka kai musu. Ƙara nama." Ya sauko abinsa, ya cire bargon nan da ya sha zafin injin, ya rungume shi ya shiga gida da sauri, ina biye. Ya lulluɓe Kaka da shi tun daga wuya har ƙafa, ya durƙusa ya ce, "Inna, ga shi ta ce a gode miki." Kaka ta lumshe ido don daɗin ɗumin, sannan ta shinshina ta ce, "Tir, ta sa mini warin gas."

Da allura ta ɗaga, Uwar Ɗaki ta yi miƙarta, Baba ya sauke wuƙa a kan layinmu karo na farko. Ƙasa ta riƙa naɗewa a gaban wuƙar tana gangarawa cikin ramin, ya je bakin titi ya dawo, ya sake komawa, ya fitar da hanyar ruwa a gefe da gefe. Mu yara muna biye a guje, ƙafa ba takalmi, muna taka sabuwar ƙasa mai laushi da sanyi, manya suna tsince duwatsu. Oga Emeka da kansa ya karɓi shebur. Kafin rana ta yi tsaka layi ya kwanta sumul, aka hau da giredar kan tirela aka ɗaure ta da sarƙoƙi. Baba ya dafa tayarta ya ɗan tsaya. Daga ranar ba mu ƙara ganin ta ba, shi kuma aka ba shi wani injin bayan sabuwar shekara.

Ran Kirsimeti da safe tasin da Baba ya yi wa magana ta shigo har ƙofar gida, mota ta farko a layin tun damina. Kaka ta fito cikin zanen zumunta, ɗaurin ɗankwali ya zauna, ta sha hoda. Direba ya buɗe mata ƙofa. Ta tsaya ta dubi layin tun daga ƙafarta har bakin titi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa direban, "Ɗana, je ka jira ni a titi." Baba ya ce, "Inna, don motar ta shigo fa aka yi duk wannan." Ta ce, "Na sani. Hanyar da ɗana ya gyara, da garwashina, ba zan fara hawa kanta a mota ba. Da ƙafata zan taka ta." Ta kama sanda da dama, ta dafa kafaɗata da hagu, muka kama hanya a hankali. Tana tafiya tana hutawa, mutane suna fitowa ƙofar gidajensu suna yi mata barka, Malam Sani ya miƙe tsaye daga bencinsa har muka wuce. Baba yana biye da mu a baya, ya cire hula, yana ta share ido wai sanyi ne. Mun makara sosai, mun tarar an yi nisa da waƙa. Amma muna shiga, wadda ke riƙe da tulu ta taso ta ɗora shi a cinyar Kaka.

Yanzu an zuba wa layin kwalta, mangwaron an sare an yi shaguna. Injunan da nake gani a wuraren aiki sababbi ne, direba na zaune cikin gilashi, ya danna abu su tashi, ba mai kawo musu garwashi, ba kuma yaron da ke tsayawa jin ɗumi a gefensu. Na san hakan ya fi sauƙi, ba na musu. Kaka ta daɗe da rasuwa, bargon yana wurin Baba, wanda yanzu shi ma sai an kai masa kasko da safe kafin gwiwarsa ta yarda ya miƙe. Ni kuwa ina nan Samaru da 'yar motata. In sanyi ya shigo, kafin in kai yara makaranta sai na ƙwanƙwasa bonet na ce masu haya gari ya waye, in na tayar kuma in zauna in ɗan jira. Yaran suna dariya, suna cewa Mama motar zamani ba ta bukatar wannan. Ni dai sai in miƙa tafin hannuna wajen iskar da ke fitowa. Ɗumin safiyar nan har yau bai gama barin jikina ba.